SHIN NI KAƊAI NE A DUNIYA?

Gabatarwa

A zango na biyu na wannan shekara, ran wata Asabar da yamma, mu 'yan ƙungiyar muhawara muna zaune a gindin dogon yaro da ke bayan ɗakin taro, sai wani ɗalibi ɗan aji huɗu ya ɗaga hannu. Bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba. Ya ce a dare na biyu na rashin lafiyarsa ya ga kansa a kasuwar Jega tare da mahaifinsa suna cinikin buhun albasa. Yana jin ƙanshin soyayyen kifi, rana tana dukansa, har ya taka ƙaya ya ji zafinta. Da ya buɗe ido sai ga shi kwance a ɗakin shan magani na makaranta. Daga nan ya jefo tambayarsa: "Malam, in mafarki yana iya kama da gaskiya haka, yaya zan tabbatar yanzu ma ba mafarki nake yi ba? Yaya zan san ku ɗin nan da nake gani kuna nan da gaske?"

Aka bushe da dariya. Wani daga baya ya ce a kwaɗa masa mari ya ji ko mafarki ne. Yaron ya ce ai ƙayar da ya taka a mafarkin ma ta yi zafi. Nan take dariya ta tsaya, don babu wanda ya sami abin cewa. Muka yi alkawari za mu bincika mu kawo bayani a mujallar ƙarshen shekara. To, ga shi Allah ya kawo mu.

Mene Ne Aƙidar Ni-Kaɗai?

Tambayar wannan yaro tsohuwa ce ƙwarai, masana falsafa sun daɗe suna kokawa da ita. Turawa suna kiran wannan ra'ayi solifsizim. Sun ƙera sunan daga kalmomi biyu na Latin, ɗaya tana nufin "kaɗai", ɗayar kuma "kai", wato kan mutum. Mu a nan za mu kira shi aƙidar ni-kaɗai.

Abin da aƙidar take cewa shi ne, abu ɗaya tak mutum yake iya sani ba tare da wata shakka ba, wato cewa shi kansa yana nan yana tunani, yana ji, yana gani. Sauran abubuwa duka, da gari, da gona, da gulbi, da uwa da uba, har da hannunsa da ƙafarsa, ya san su ne ta hanyar abin da yake bayyana a cikin hankalinsa. Ko akwai su a waje, ko kuwa hotuna ne kawai a cikin kansa, ba shi da hanyar da zai fita daga kansa ya je ya duba.

Aƙidar tana da matakai uku. Mai sauƙin ciki ya ce, "Bari in fara bincike daga kaina, tun da shi na fi tabbata da shi, sa'an nan in ga ko zan kai ga sauran abubuwa." Na tsakiya ya ce, "Wataƙila akwai wasu mutane, amma ba zan taɓa iya tabbatarwa ba." Mai tsananin ciki kuwa cewa yake, "Babu kowa, babu kome, sai ni." Na farkon hanyar bincike ce, manyan masana sun bi ta. Na ukun da wuya a sami mai cikakken hankali da ya riƙe shi da gaske. Na tsakiyan shi ne mai wuyar kayarwa, shi ne kuma tambayar ɗalibinmu.

Yadda Ake Kaiwa ga Wannan Tunani

Kada mai karatu ya ɗauka wauta ce take kai mutum nan. Hujjoji uku ne, kowannenmu kuma ya taɓa gamuwa da su.

Na farko, gaɓoɓinmu suna ruɗinmu. Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi da tsakar rana a lokacin bazara ya ga ruwa kwance a kan kwalta can gaba. Mota ta isa wurin, babu ko ɗigo, kawalwalniya ce. Masunci ya tsoma gora a Gulbin Zamfara, ido ya ce ta karye daidai bakin ruwa, hannu ya shafa ya ce lafiyarta lau. Ido yana nuna mana rana kamar faifai, alhali malamin kimiyya ya koya mana faɗinta ya ninka na duniya fiye da sau 100. Mun saba cewa gani ya kori ji, ga shi kuwa ganin ma yana yin ƙarya. Abin da ya fi ban mamaki, mutanen da aka yanke wa ƙafa ko hannu da yawa suna ci gaba da jin ƙaiƙayi ko ciwo a gaɓar da ba ta nan. Ashe jin abu bai isa ya tabbatar da cewa abin yana nan ba.

Na biyu, mafarki. Mai mafarki ba ya sanin yana mafarki sai ya farka. Duk alamar da za ka kawo ka ce ita ce shaidar farke, ko zafi, ko ƙanshi, ko muryar aboki, ana iya yin mafarkinta. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce wani masani a ƙasar Sin ya ba da labarin yadda ya yi mafarki ya zama malam-buɗe-littafi, da ya farka ya rasa gane ko shi mutum ne da ya yi mafarkin ƙwaro, ko ƙwaro ne yake mafarkin ya zama mutum.

Na uku, zuciyar wani a rufe take. A ce an kawo wanda ya karye wurin masu ɗori na Aliero, waɗanda sunansu ya kai nesa a wannan sana'a. Mai ɗori yana ganin kumburi, yana jin ƙara, yana ganin gumi da hawaye. Amma zafin kansa ba ya jin ko kaɗan daga cikinsa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da muke gani a wurin ɗan'uwa fuska ce da motsi da magana. Tunaninsa da jin zafinsa kuwa ba mu taɓa gani ba, ba kuwa za mu taɓa gani ba. To, da wace hujja muka ce akwai su?

Mutane Uku da Suka Shiga Wannan Rami Suka Fita

Na farko ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rasu a 430 yana bishop na birnin Hippo. Kafin a yi masa baftisma a 387 ya ɗan zauna cikin ra'ayin masu cewa babu abin da za a iya sani tabbas. Daga baya ya ba su amsa da cewa ko da mutum yana kuskure a kan kome, to, lalle akwai mai yin kuskuren, gama wanda babu shi ba ya kuskure. Bai tsaya nan ba. Ya lura cewa yawancin abin da muke rayuwa a kai mun karɓe shi ne daga bakin wasu. Babu wanda ya tuna ranar haihuwarsa. Mun san iyayenmu ne domin an faɗa mana mun kuma gaskata. In aka cire irin wannan gaskatawa, in ji shi, zaman gida da na gari duk za su rushe.

Na biyu shi ne Imam Gazali, wanda aka haifa a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058, ya rasu a 1111. Ya koyar a babbar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A littafin da ya ba da tarihin neman gaskiyarsa, ya faɗi yadda ya fara da tuhumar ido. Ido yana ganin inuwa a tsaye, bayan sa'a guda sai a tarar ta matsa. Ido yana ganin tauraro kamar ɗan kuɗin zinariya, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Da ya koma ga hankali, ya ce ai ko ba kome goma ta fi uku, sai wani tunani ya zo masa: yadda hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali sama da hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa take ƙaryata mafarki? Ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali, ya kuma kira shi cuta. Ya ce ba jerin hujjoji ne suka warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Wannan malami ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, wanda Jega da Aliero da Maiyama suke cikin masarautarsa har yau, sun karanta littattafan Gazali, sun kuma kafa hujja da shi a rubuce-rubucensu. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya kuma zauna a Salame, ya yi rubutu a kan falsafa da Larabci. Saboda haka duk wanda ya ce irin waɗannan tambayoyi kayan Turawa ne da boko ya kawo, bai san tarihin ƙasarsa ba.

Na uku Bafaranshe ne, Rene Dekart, wanda ya rayu daga 1596 zuwa 1650. Masanin lissafi ne, shi ne ma ake danganta wa hanyar zana layi biyu masu gicciye da muke amfani da su a darasin lissafi don nuna matsayin ɗigo. A littafin da ya fitar a 1641 ya ɗaura niyyar ajiye duk abin da za a iya yi wa ko 'yar ƙaramar shakka. Ya ajiye shaidar ido da kunne, ya ajiye jikinsa saboda hujjar mafarki. Har ya ƙaddara a ce akwai wani mugun ruhu mai iko da yake ruɗinsa ko a wajen haɗa biyu da uku. Ya leƙa ta taga ya ga mutane suna wucewa, ya ce a gaskiya huluna da riguna kawai idonsa yake gani, waɗanda za su iya zama a jikin injuna. Abu ɗaya ya rage masa, wato wanda ake ruɗi dole yana nan, mai shakka kuma dole yana tunani. A daidai wannan wuri Dekart yana tsaye shi kaɗai a duniya. Hanyar da ya bi ya fita ita ce ta kawo hujja cewa akwai Allah, Allah kuma cikakke ne, ba ya ruɗi, don haka ba zai ba mu hankali da gaɓoɓi waɗanda ƙarya kawai suke faɗa mana ba. Tun yana da rai wasu masana suka ce ya yi zagaye, domin ya yi amfani da hankali ya tabbatar da Allah, sa'an nan ya yi amfani da Allah ya tabbatar da hankali. Har yau ana tattauna wannan.

Abin lura a nan shi ne, Kirista ɗan Afirka, da Musulmi ɗan Farisa, da Kirista ɗan Faransa, tsakanin na farko da na ƙarshe fiye da shekara 1,200, duk sun isa bakin rami guda, babu kuma wanda ya yarda ya zauna a ciki.

Amsoshin da Aka Bayar

Amsar mari ita ce ta fi saurin zuwa baki, ba kuma ɗalibinmu ne ya fara ba da irinta ba. A 1763 wani marubucin Ingila, Samuwel Jonson, da ake ba shi labarin ra'ayin wani bishop mai cewa abubuwa ba su da samuwa sai a cikin hankali, ya sa ƙafa ya shuri dutse da ƙarfi ya ce ya kayar da maganar. Amma mun riga mun ga raunin wannan. Zafin shurin ma a cikin hankali ake jinsa. Ga waɗanda suka fi ta ƙarfi.

Amsa ta ɗaya ita ce kwatanci. Na san in wuta ta ƙone ni ina jin zafi, in janye hannu, in yi ƙara. Na ga wani mai jiki irin nawa, wuta ta taɓa shi, ya janye hannu, ya yi ƙara. Hankali ya ce abin da ke tsakiya, wato zafin, shi ma yana da shi. Wannan shi ne abin da Bahaushe yake nufi da labarin zuciya a tambayi fuska. Amsar tana da kyau, sai dai tana da rauni guda, misali ɗaya tak aka dogara a kai, wato ni. Ɗan kasuwar da ya buɗe buhun albasa ɗaya a Aliero ya yanke hukunci a kan duk buhunan da ke kasuwa, za mu ce ya yi gaggawa. A zamaninmu raunin ya ƙara fitowa, tun da an ƙera manhajojin kwamfuta masu amsa tambaya da yin hira kamar mutum. Tun a 1950 masanin lissafi Alan Turin ya tayar da batun ko inji zai iya hira har a kasa bambanta shi da mutum. Yanzu mun ga cewa magana mai daɗi ita kaɗai ba ta nuna abin da ke bayanta.

Amsa ta biyu ita ce harshe, mu kuma a ganinmu ta fi ta farko ƙarfi. Ɗalibinmu da Hausa ya yi tambayarsa. Wa ya koya masa Hausa? A makarantar nan akwai masu Dakarci daga Zuru, da masu Kambarci daga wajen Yauri, da masu Fulatanci, da masu Zabarmanci. Babu ko ɗaya da ya ƙirƙiro harshensa. Kowa a bayan uwarsa ya tsince shi, ya faɗi kalma ba daidai ba aka gyara masa. Masani Witgenshtain, a littafinsa da aka buga a 1953 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa kalma ba ta da ma'ana sai in akwai bambanci tsakanin faɗinta daidai da faɗinta ba daidai ba, wanda yake shi kaɗai kuwa duk abin da ya ga kamar daidai ne ya zama daidai, don babu ma'aunin da zai gwada da shi. Kalmar "ni" kanta ba ta da amfani in babu "kai" da "ke" da "su". Kalmar "mafarki" mun san ta ne domin mun san "farkawa". Mai cewa shi kaɗai ne a duniya yana faɗin haka da kayan aro, masu kayan kuma su ne mutanen da yake musun samuwarsu.

Labarin Helen Kela ta Amurka ya ƙara haskaka wannan. An haife ta a 1880, ciwo ya ɗauke mata gani da ji tana da wata 19. Ta zauna kusan a kulle cikin kanta har 1887, sa'ad da malamarta ta sa hannunta ɗaya a ƙarƙashin ruwan famfo, tana rubuta mata sunan ruwa a ɗaya tafin. A ranar ta gane kowane abu yana da suna, daga nan ta yi karatu har ta gama jami'a a 1904. Hannun wata ne ya buɗe mata ƙofar tunaninta.

Amsa ta uku ita ce duniya tana yi mana gardama. In duk abin da ke nan daga kanmu yake fitowa, me ya sa muke faɗuwa jarrabawa? Me ya sa malamin lissafi ya san amsar da mu ba mu sani ba, in ya nuna mana kuma mu ga lalle haka take? Manomi a Jandutsi ya shuka gero yana son ruwa, ruwa ya ɗauke mako uku. Ka ajiye tuwo ka manta da shi, bayan kwana uku ka tarar ya lalace ba da saninka ba. Mai aƙidar ni-kaɗai zai ce wani ɓangare na hankalinsa ne wanda bai sani ba yake shirya duk wannan. To, amma abin da ba ka sani ba, ba ka iko da shi, yana bin ƙa'idarsa ko ka so ko ka ƙi, yana kuma koya maka abin da ba ka taɓa tunani ba, me ya raba shi da abin da sauran mutane suke kira duniya? Suna kawai aka sauya.

Amsa ta huɗu ita ce babu mai iya rayuwa da wannan aƙida. Masanin Ingila Batran Rasel ya ba da labari a 1948 cewa wata masaniyar ilmin mantiƙi ta rubuto masa wasiƙa ta ce ita mai aƙidar ni-kaɗai ce, tana kuma mamakin da ba a sami wasu masu ra'ayin da yawa ba. Mai karatu ya ga inda abin dariyar yake. In ita kaɗai ce, wa take rubuta wa? Ɗalibinmu ma da ya ɗaga hannu, amsa yake jira daga wani.

Dole mu faɗi gaskiya, cikin amsoshin nan babu wadda ta kashe maganar kamar yadda ake warware lissafi a allo a ja layi biyu. Mai taurin kai yana iya cewa duk amsoshin ma a mafarkinsa ya ji su. Abin da muka koya shi ne, akwai bambanci tsakanin abin da ba a iya ƙaryatawa da abin da ake da dalilin gaskatawa. Ba mu iya tabbatar wa kowa cewa ba a halicci duniya da safiyar yau ba, da tsofaffinta da littattafanta da tunanin jiya a kawunanmu, amma babu ko dalili ɗaya na ɗaukar haka. Kuskuren ido ma da wani ganin ko da taɓawa muke gane shi. Da mota ba ta isa wurin muka ga busasshiyar kwalta ba, da ba mu san akwai kawalwalniya ba. Wanda ya ce ba zai kira abu sani ba sai wanda babu ko ƙurar shakka a kansa, ya sa wa kalmar sani farashin da babu mai iya biya.

Abin da Muka Gada

Masana halayyar yara sun gano cewa sanin akwai tunani a kan wani abu ne da yake girma tare da yaro. A 1983 wasu masana biyu 'yan ƙasar Ostiriya suka gwada yara da ɗan wasan kwaikwayo. Yaro ya ajiye alewarsa a wani kabad ya fita, uwarsa ta mayar da ita wani kabad. Sai a tambayi mai kallo, ina yaron zai nema in ya dawo? Yawancin 'yan ƙasa da shekara huɗu sukan nuna inda alewar take yanzu, don a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Daga shekara huɗu zuwa biyar sai su fara gane cewa wani yana da nasa tunanin dabam da nasu. Wato fahimtar cewa ba mu kaɗai ba ne alama ce ta girma.

Al'adarmu ma a kan wannan aka gina ta. Baturen nan Kirk-Greene, a bayanin da ya yi kan mutumin kirki a wurin Hausawa wanda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Amanar wa za ka riƙe in kai kaɗai ne? Kunyar wa za ka ji? Wa za ka yi wa karamci ko adalci? Hatta hankali, wanda Dekart ya ɗauka abu ne na cikin kai, in Bahaushe ya ce yaro yana da hankali yana nufin ya san yadda ake zama da mutane. Gaisuwarmu ma shaida ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya mai jiki, duk tambayoyi ne a kan abin da ba mu iya gani, muna roƙon mai shi ya faɗa mana.

Littafi Mai Tsarki kuma tun daga Farawa sura 2 ya nuna cewa Allah da kansa bai ga kaɗaicin mutum abu ne mai kyau ba. A Korintiyawa ta Fari sura 12, Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da gaɓoɓin jiki guda, waɗanda wahalar ɗayansu take shafar sauran. Mu masu bi mun gaskata cewa kafin mu san kanmu akwai wanda ya riga ya san mu. A wurinmu ke nan ba daga "ni" labari ya fara ba.

Inda Haɗarin Yake

Wataƙila wani ya ce, tun da babu mai riƙe wannan aƙida da gaske, me ya sa muka ɓata takarda a kanta? Dalili shi ne, waɗanda suke faɗinta da baki kaɗan ne, masu aikata ta kuwa muna da yawa.

Shekarun baya, a wani ɗakin kwanan ɗalibai, wani yaro ɗan aji ɗaya ya ce cikinsa yana ciwo ran da ake aikin share fili. Babban ɗalibin da ke kula da ɗakin ya dube shi ya ce bai ga alamar kome ba, lalaci ne. Aka sa shi ɗibar ruwa. Kashegari ya sāke faɗa, aka sa masa suna mai ciwon ranar aiki. A dare na biyu aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti, likita ya ce afendis ne, aka yi masa tiyata a daren. Allah ya sa yana da sauran kwana. Wasu daga cikinmu masu wannan rubutu muna wurin, muna kuma cikin waɗanda suka yi dariya. Babu ɗayanmu da ya taɓa jin sunan Dekart a lokacin, amma hujjarmu ita ce ta mai aƙidar ni-kaɗai sak, wato tun da ba mu ji zafin ba, babu zafin.

A Luka sura 16 Yesu Almasihu ya ba da misalin mai arziki da Li'azaru. Ba a ce mai arzikin ya doke shi ko ya kore shi ba. Yana wuce shi ne kullum a ƙofar gida kamar yadda ake wuce turmi. A sura 10 kuma firist da Balawe sun ga wanda 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko, idonsu ya gaya musu daidai abin da ya gaya wa Basamariyen. Abin da ya raba su shi ne Basamariyen ya ɗauki zafin mutumin a matsayin gaskiya, ya sauka daga kan dabbarsa. Haka mai ɗori na Aliero yake yi. Bai taɓa jin zafin wanda aka kawo masa ba, bai kuma jira a tabbatar masa ba kafin ya kama aiki.

Kammalawa

Ga ɗalibinmu mai tambaya, muna cewa ka yi tambaya mai kyau, kada dariyar ranar nan ta sa ka daina irinta. Agustin da Gazali da Dekart sun yi ta kafin ka, ba ta kuwa rage musu bangaskiya ba. Amsarmu ita ce, gaskiya ne kai kaɗai kake jin abin da kake ji, amma harshen da ka yi tambayar da shi, da sunan da kake amsawa, da maganin da ya sauke maka zazzaɓi, duk daga hannun wasu suka zo.

Ga 'yan aji shida masu barinmu bana, wasunku za su zama malaman asibiti, wasu malaman makaranta, wasu 'yan sanda, wasu masu hidima a ikilisiya, wasu iyayen gida. Kowace rana wani zai tsaya a gabanku ya ce yana jin ciwo, ko yunwa, ko tsoro, ba kuwa za ku iya leƙa cikinsa ku gani ba. Wani lokaci za a yi muku ƙarya, wannan ba makawa. Amma ku auna hasara biyun. In kun gaskata mai ƙarya, kun yi hasarar ƙwayar magani ko aikin yini guda. In kun ƙaryata mai gaskiya, ana iya hasarar rai. Ga masu zama shugabannin ɗakunan kwana a shekara mai zuwa kuma, in ƙaramin yaro ya ce cikinsa yana ciwo, a kai shi ɗakin shan magani tukuna, a yi binciken lalaci daga baya.

Allah ya ba mu idon ganin juna, ya kai mu shekara mai zuwa lafiya. Amin.